Jar Akuya da Turken Kakata

Ina ɗan shekara goma sha uku na yi wani ciniki da har yau ake yi mini dariyarsa a gidanmu. Kakata ce ta ba ni 'yar akuya ja, budurwa, ta ce in yi jari da ita. Ni kuwa na ƙudura cewa akuyata ba za ta bi bunsuran unguwa ba, nata zan sayo mata. Na tara abin da nake samu a tsinkar tumatir a gonakin rani, ranar Talata na bi motar kasuwa daga ƙauyenmu na ƙasar Bakura zuwa Mafara. A kara na hango shi, ja wur, jiki sumul, ƙirji faffaɗa, ya fi duk na kusa da shi ƙiba. Dillali ya ce da ni, "Yaro, kana da ido." Aka yi albarka sau biyu, a na uku aka sallama mini.

Da na shigo gida ina jan igiya, Kaka ba ta ko tashi daga tabarma ba. Ta ɗaga hanci ta shaƙi iska, ta ce, "Maigida, wanga abu naka ko wari ba ya yi. Taure na kas sawo muna." Dandaƙaƙƙe ne, shi ya sa ya yi ƙiba. Matan gida suka yi ta shewa, wata ta ce yau ga bunsuru ya je barbara ya dawo da ciki.

Kunyar ranar ce ta sa na fara tambayar dattawa labarin wannan akuya tamu, wadda litattafan Turawa ke kira jar akuyar Sakkwato, mutanen Nijar kuma suke ce mata ta Maraɗi. Dabba ɗaya ce, iyakar ƙasa ce ta raba mata suna. Ba ta da tsawon ƙafa irin na awakin Buzaye, gashinta gajere ne mai sheƙi, tana yawan haihuwar tagwaye, tana jure abincin rani. Abin da ya kai sunanta nesa kuwa fatarta ce, mai laushi da ƙarfi, ga kyawun ƙwayar fuska idan an jeme ta.

Tun kafin zuwan Turawa majema na jeme wannan fata da bagaruwa, su rina ta ja da karan dafi, dukawa su yi takalma da jakunkuna da layu da kayan doki da gafakar Alƙur'ani. Abin da ya ragu fatake su ɗaure shi zuwa Kano, daga can ayarin raƙuma su ƙetare Sahara da shi zuwa Gadamas da Tarabulus da sauran biranen Magrib. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya ga yadda takalma da jemammun fatu ke cikin manyan kayan da ake fitarwa arewa. Da yake ta hannun Larabawan gaɓar teku fatar ke isa Turai, sai aka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Wani littafin da aka yi wa bango da ita a Ingila, wataƙila akuyar da ta ba da fatar a bakin gulbin Sakkwato ta yi kiwo, tsakanin Maradun da Bakura, amma suna ya tafi ga mai shago.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, hanyar fata ta juya kudu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanoni irin su John Holt da UAC suka buɗe wuraren saye, 'yan fata suka riƙa bin kasuwannin ƙauye suna tarawa. Kasuwar Mafara, da yake tana kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ta zama mahaɗa. Masu saye suka zo da sharuɗɗansu. Ba sa son fatar da wuƙar fiɗa ta yi wa kafa, ba sa son wadda aka shanya a ƙasa rana ta ƙona, sai wadda aka ɗaure a katako ta bushe a inuwa. Kuma fatar jar akuya tsantsa ita ce mai daraja ta ɗaya.

A nan ne hukuma ta sa hannu a cikin auren awaki. A lardin Sakkwato, haka ma a ƙasar Maraɗi ƙarƙashin Faransawa, ma'aikatan dabbobi sun riƙa zagaya garuruwa suna dandaƙe bunsuran da ba ja ba, su bar jajaye su yi barbara. Suna da wani ƙarfe mai kama da awartaki, wanda ke matse jijiya ba tare da an zubar da jini ba. Kaka ta ce ranar da aka ji suna tafe, wasu matan kan ɓoye baƙin bunsurunsu a ɗaki, su rufa masa zane, shi kuwa ya tona asiri da kuka. Bayan samun 'yancin kai, Nijar ta ci gaba da aikin har ta kafa cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi a 1963, inda ake zaɓen bunsuraye ana rarraba wa ƙauyuka.

Sai da na girma na gane hikimar da ke cikin wannan dabara ta dandaƙa, wadda matan karkara suka riga Turawa saninta. Da damina awaki na ɗaure a turke saboda shuka. Da an kawar da amfanin gona sai a sake su, su cakuɗe da na kowa har rani ya ƙare. A cikin wannan yawo babu mai zaɓa wa akuyarsa miji. Duk bunsurun da aka bari da ƙarfinsa, shi ne uban 'ya'yan unguwa baki ɗaya. Saboda haka zaɓen na faruwa tun ɗan akuya yana ɗan watanni, ranar da uwar gida ta yanke wanda za a fiɗiye a yi kiwonsa don kasuwa ko hidimar mai jego, da wanda za a bari ya zama iri. Turawa launi suke dubawa, don fata ce bukatarsu. Kaka kuwa abin da take dubawa ya fi haka yawa.

Na gani da idona mako guda bayan abin kunyata. Ta kama hannuna muka tafi wata unguwa, gidan wata ƙawarta mai bunsuru. Na tambaye ta me ya sa ba za mu ɗauki na maƙwabta ba, ga shi kusa. Ta ce wannan shi ya haifi akuyata, kuma jini in ya yi ta komawa gida 'ya'ya ƙanƙancewa suke yi. Da muka isa, kafin ta taɓa dabbar sai ta fara da tambayar uwarsa. Tagwaye aka haife shi? Uwar tana da nono? Ta taɓa yin ɓari? Sannan ta buɗe bakinsa ta nuna mini manyan haƙora biyu na gaba da suka maye gurbin na nono, alamar ya haura shekara. Ta ja fatar idonsa ƙasa, ta ce in ta yi fari akwai tsutsar ciki. Ta shafa gadon bayansa, ta duba kofato, ta tabbatar 'ya'yan marainansa biyu ne cif, girmansu ɗaya. Wari kuwa ba sai an faɗa ba, ya bi mu har gida.

Ita ma akuyar sai da aka shirya ta. Kaka ta hana a haɗa su nan take, ta ce ƙaramar akuya in ta ɗauki ciki da wuri tsumburewa take yi. Muka yi makonni muna ƙara mata dusa da ƙowar wake da ƙasari mai ɗan kanwa. Ta koya mini alamar nema, wato yawan kuka da kaɗa bindi da ƙin tsayawa wuri ɗaya, ta ce in ya wuce yakan dawo bayan kamar mako uku. Lissafinta shi ne a haɗa su gab da faɗuwar damina, domin cikin akuya wata biyar ne, haihuwa ta faɗo a kaka, lokacin da harawa ta cika rumfa kuma laima ta ɗauke. Haka aka yi. Haihuwar fari ɗaya ta ba ni, mace, ja kamar an tsoma ta a karan dafi. Ta biyu tagwaye. Tauren kuwa da shi aka yi wa matar yayana hidimar jego.

Ƙasar da wannan kiwo ya tsaya a kanta ta sha sauyi. Madatsar ruwan Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978, ta haɗiye gonaki da makiyaya a ƙasar Maradun, aka tashi garuruwa, rikicin diyya ya kai ga zubar da jinin manoma a Afrilun 1980. Noman rani ya kawo kuɗi da ragowar ganye, amma ya sa awakin yankin zama a turke har da rani. Kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa a Kano suna sayen fata suna aikawa Italiya da Sifaniya, sai dai mai akuya a ƙauye ba ta ganin bambancin farashi tsakanin ja da roɗi-roɗi, don mahauci nama yake kallo. Daga baya 'yan bindiga suka zo suna kore garke sukutum, har a Satumban 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako ta hana safarar dabbobi na wani lokaci. Wanda ke cikin tsoro da bukata, mafi kyawun bunsurunsa yake fara sayarwa, domin shi ne mai kuɗi. Tsumburarren da ba wanda ya taya shi ke zama a gida, shi kuma zai haifi na baɗi.

Bara ƙanwata, wadda rashin tsaro ya dawo da ita cikin garin Mafara, ta kira ni. Da awaki biyu ta tsira, jikokin jikokin waccan da Kaka ta ba ni. Ta ce, "Yaya, ka samo mini bunsuru na kirki." Talata uku ina zuwa kara kafin na ga wanda ya kwanta mini. Dillalin, yaro ne da bai kai ɗana ba, ya ja ni wurin wani mai ƙiba yana cewa, "Baba, ga naka." Na matsa kusa na shaƙi iska, na ce masa mu ga na bayansa, wancan siririn mai wari. Sannan na tambayi mai shi ko tagwaye aka haife shi.