Sikelin Kakana

A zauren gidanmu da ke Malam Madori akwai wani tsohon sikeli da ya yi tsatsa, ƙugiyarsa ta lanƙwashe. Masu sayen tsohon ƙarfe sun sha taya shi, iyayenmu kuwa sun sha sallamar su. Da shi kakana ya ciyar da gida mai mutum fiye da talatin har kusan shekara arba'in, kuma ta kansa na fara fahimtar tarihin garinmu.

Littattafan tarihi sun san Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, wanda ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Sun san dalar gyaɗa ta Kano. Amma kowane buhu da aka jera a dalar nan sai da ya bi ta hannun wani ƙaramin ɗan kasuwa a wani ƙaramin gari, wanda ya san manomin da sunansa, ya san gonarsa. Kakana ɗaya ne daga cikinsu.

Bai san shekarar haihuwarsa da lissafin Nasara ba. Abin da yakan ce shi ne an haife shi damina biyu bayan Kakalaba, wato yunwar da ta auka wa ƙasar Hausa a 1914. Yana ɗan saurayi layin dogo da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya ratsa ta garinmu. Jirgin ƙasa ne ya raya Malam Madori: kamfanonin Turawa suka kafa kantuna, fatake da leburori suka taru, Yarabawa da Ibo suka zo aikin tasha da akawu. Kakana ya fara da dakon buhu, ya koma yaron wani mai awo, har ya tara abin da ya sayi sikelin kansa.

Tsarin cinikin ba ɓoyayye ba ne. Tun daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ce ke yanka farashi, manyan wakilai masu lasin su ba ƙananan 'yan kasuwa jari, su kuma su shiga ƙauyuka da kaka su auno. Da bazara, in rumbu ya yi ƙasa, manomi yakan zo ya karɓi hatsi ko kuɗin iri, a kan zai biya da gyaɗa. A nan mugun ɗan kasuwa ke cin manomi sau biyu, a bashi da kuma a awo. Tsofaffin garinmu sun shaidi kakana da cewa sai mai gyaɗa ya ga allurar sikeli da idonsa kafin a sauke buhu.

A gida ba mutum ne mai sauƙi ba. Shi ke riƙe da makullin rumbu, shi ke auna hatsin kowace rana da kwano, kuma bai yarda a bar fitila tana ci bayan sallar isha'i ba. Matansa sun sha kuka da tsumulmularsa. Mu jikoki ne kaɗai ke samun sakin fuskarsa. Yakan ce da ni, “Abokina, zo ka karanta mini lambar nan, idona ya fara cin amanata.” Duk da haka ba a taɓa ɗaura auren maraya a unguwarmu ba tare da hannunsa a ciki ba.

Arzikinsa ya karye a lokacin da na gyaɗa ya karye. Farin 1973 ya ƙone gonaki, a 1975 kuma cutar da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta gama da abin da ya saura. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, dala ta ɓace, aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986. Kakana ya sayar da motarsa ta ɗaukar kaya, ya koma sayar da gero da gishiri a ƙaramar rumfa. Mun taso muna jin ana cewa rashin dabara ne ya kayar da shi, tunda wasu takwarorinsa sun juya zuwa kwangila sun tsira.

Ya rasu a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Da aka zo rabon gado aka buɗe adakarsa, aka tarar da kundin bashi rubuce da ajami. Wasu sunayen an ja musu layi, wasu an kewaye su da da'ira. Wani baffana ya ce masu da'irar su ne ba su biya ba, a bi su, ko magada sa samu abin kamawa. Kakata, uwargida, ta yi magana daga bayan labule: “Ku bar bayin Allah. Layi shi ne an biya, da'ira kuwa Malam ya yafe.” Da aka duba, sai ga da'irorin sun yi cincirindo a shafukan shekarun fari. Ashe jarin da aka ce rashin dabara ya cinye, a cikin ƙauyuka ya narke, lokacin da bin bashi yake nufin raba mutum da gonarsa.

A ƙarshen kundin akwai shafin abin da ake bin sa. Duk an ja layi, sai suna ɗaya. Wani akawun tasha ne, Ibo, maƙwabcinsa, wanda ya bar masa ajiyar fam 40 a daren da ya gudu da iyalinsa a rikicin 1966. Yaƙi ya ƙare a 1970, da yawa sun dawo, shi bai dawo ba. Kuɗin na nan a ƙulle cikin tsumma. An canja takardun kuɗi a 1968, kakana ya kai su aka canja. Da naira ta zo a 1973, fam 40 ya zama naira 80. Aka sake canjin kuɗi a 1984, ya bi dogon layi da tsufansa. A shekarun da gidansa ya kwana da kunu, bai taɓa ko kwabo ba.

Liman ya ce amana ba ta shiga gado. Aka yi cigiya ta bakin 'yan kasuwar Sabon Gari a Kano, ba a dace ba, daga bisani aka yi sadaka da kuɗin da niyyar mai su. A lokacin naira 80 ba ta kai kuɗin buhun gero ba.

Ban san ko jikokin akawun nan suna raye a wani gari na Gabas ba. In suna nan, ba su san cewa shekara ashirin da biyar wani tsoho a Malam Madori yana kasa kunne in jirgi ya tsaya a tasha ba. Kundin yana hannuna yanzu, kuma ban ja wa sunan layi ba.