Ƙasar da ake girmama saniya: asalin addinin Hindu

Yau za mu leƙa ƙasar Indiya.

Kai manomin Timia, dubi san nan da ke ja maka ruwa daga rijiyar garka. Tozon da ke bayansa gadon Indiya ne. A kwarin kogin Indus aka fara kiwon shanu masu tozo, shekaru dubbai da suka wuce, kana suka iso Afirka. Daga kogin nan kuma sunan Hindu ya fito. Mutanen wurin Sindu suke kiransa, Farisawa suka mai da shi Hindu, Larabawa suka ce Hind.

Addinin nan ba mutum guda ya kafa shi ba. Littattafansa mafi tsufa ana ce musu Beda. Na farinsu, Rig Beda, waƙoƙi ne 1,028 cikin harshen Sanskirit, an tsara su wajen shekara 1,200 ko fiye kafin haihuwar Annabi Isa. Da ka aka riƙe su, malami ya biya wa almajiri, tun ba a rubuta su ba. Wanda ya san hadda ya san wannan aiki ba wasa ba ne.

Allolinsu da yawa. Uku ne aka fi ambata: Birahma mai halitta, Bishnu mai kiyayewa, Shiba mai rushewa. Rama da Kirishna, waɗanda ake jin sunansu cikin siliman Indiya, sun ce Bishnu ne ya sauko cikin siffar mutum. Amma da yawa daga malamansu suna cewa duk fuskoki ne na abu guda, Birahman.

Sun yarda in mutum ya mutu ransa yakan komo cikin wani jiki, gwargwadon aikinsa. Wannan sakayya ita ce karma. Burinsu su kuɓuta daga wannan kai da komowa.

To, a nan talaka ya sha wuya. An raba jama'a aji huɗu tun daga haihuwa, aka bar waɗansu a waje, ko rijiya ba a haɗawa da su. Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta wannan ƙyama, ko da yake al'ada ba ta jin doka da sauri.

Ƙidayar 2011 ta nuna kusan mutum 80 cikin 100 na Indiya Hindu ne. Saniya uwa suke ɗaukarta saboda nononta, kuma a galibin jihohin ƙasar doka ta hana yanka ta.