Hanyar Gwarzo: Daga Ayarin Fatake zuwa Bakin Madatsun Ruwa

Matafiyin da ya fita birnin Kano ta Ƙofar Kabuga, ya baro Goron Dutse a bayansa, ya bi titin Gwarzo ta sabon matsugunin Jami'ar Bayero da Rimin Gado, zai shiga karkarar da garuruwa irin su Kabo da Gude suke, inda gonakin dawa da gero da masara suke shimfiɗe a ƙarƙashin ɗorawa da kuka. A yau ana ganin masu fita wannan yanki don kallo da shan iska kawai, amma wannan ɗabi'a sabuwa ce, domin a ƙarnonin baya da wuya mutum ya ɗaure kaya ya bar gida ba tare da wata buƙata ba, ko dai fatauci, ko neman karatu, ko cin rani, wato tafiyar da manoma suke yi bayan girbi don neman abin sawa a aljihu, ko kuma ziyarar dangi da malamai.

Dalilin haka bai rasa nasaba da tsaro. A ƙarni na 19 yammacin masarautar Kano bakin daga ne, saboda sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya kora sun kafa zama a Maraɗi, suna kawo hari kan ƙasashen Daular Sakkwato lokaci bayan lokaci. Shi ya sa aka ƙarfafa garuruwa irin su Gwarzo da Ƙaraye a matsayin ribaɗi, wato gari mai ganuwa da ake zaunar da mayaƙa a cikinsa domin tsare iyaka da kare manoma. Fatake kuwa ba sa tafiya sai cikin ayari, ƙarƙashin madugu, su yada zango a inda aka san akwai ruwa da kariya, don haka dutse ko rafi a idonsu alamar hanya ce kafin ya zama abin sha'awa.

Babban sauyin ya zo ne bayan kafa Jihar Kano a 1967, sa'ad da gwamnatin Audu Baƙo ta ɗauki gina madatsun ruwa a matsayin maganin ƙarancin ruwa, lamarin da farin farkon shekarun 1970 ya ƙara wa muhimmanci. An kammala madatsar Tiga a 1974, aka kuma gina masaukan baƙi a Bagauda da Tiga, ta yadda ma'aikata da ɗalibai suka fara zuwa bakin ruwa a ranakun hutu. Ga jihar da ke nesa da teku da ɗaruruwan kilomita, gaɓar tafkin da aka tare ita ce ta zama wurin tattaki da hawan kwalekwale da sayen ɗanyen kifi daga hannun masunta.

Yammacin jihar ya samu nasa rabon, daga ƙananan madatsu irin su Guzuguzu a yankin Kabo, har zuwa babbar madatsar Challawa da ke ƙaramar hukumar Ƙaraye, wadda kamfanin Julius Berger ya gina tsakanin 1990 da 1992, mai tsawon kusan kilomita 8 da ɗaukar ruwa sama da mita kubik miliyan 900. Sai dai an gina su ne don ruwan sha da noman rani da daidaita ruwan kogi, ba don baƙi ba, kuma ba a yi musu tanadin masauki irin na Bagauda da Tiga ba. Ga shi kuma tare ruwan Tiga da Challawa ya rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita.

Kayan tarihin yankin su ne suka fi shiga halin ko-in-kula. Baƙon da ya zo Kano ana kai shi Dutsen Dala da Gidan Makama da Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata, amma da wuya a tuna masa da garuruwan ribaɗi, alhali ganuwar ƙasa ba ta jure damina idan an daina yaɓe ta, kuma gine-gine da gonaki suna cin gurbinta. Tarihin waɗannan garuruwa ya fi wanzuwa a bakin dattawa da gidajen hakimai da dagatai, kuma mai son saninsa sai ya fara da zuwa gaisuwa a ƙofar fada kafin a haɗa shi da wanda zai zagaya da shi.