Tarihin Gidauniyar Al'umma da Ire-iren Asusun da Ake Buɗewa a Cikinta

Gidauniyar al'umma hukuma ce mai zaman kanta da ke karɓar kyauta da wasiyyar mutanen gari guda ko yanki guda, ta juya kuɗin, ta riƙa kashe ribar kan buƙatun mutanen wurin. Ta yi kama da wakafi ta fuskar cewa ana tsare uwar kuɗi a ci amfaninta, sai dai a nan dukiyar mutane masu yawa ce ke taruwa a hannun amintattu guda. Ire-iren asusun da ke cikinta sun samo asali ne daga tambaya ɗaya da aka daɗe ana ja a kanta: ina iyakar ikon mai kyauta kan dukiyar da ta riga ta bar hannunsa?

An kafa ta farko a birnin Cleveland na jihar Ohio, a Amurka, cikin watan Janairun 1914. Wanda ya assasa ta, Frederick Goff, lauya ne kuma shugaban wani banki mai riƙon amanar dukiya, ya kuma taɓa yi wa attajirin man fetur John D. Rockefeller aikin lauya. Abin da ya dame shi shi ne yadda wasiyyoyi ke daskarewa. Mutum zai ɗaure dukiyarsa ga wata buƙata ta zamaninsa, zamani ya wuce, buƙatar ta gushe, kuɗin kuma su zauna ba mai ikon taɓa su. Sanannen misali shi ne na Bryan Mullanphy, tsohon magajin garin St. Louis, wanda ya rasu a 1851 ya bar sulusin dukiyarsa don taimakon talakawan matafiya masu ƙaura zuwa yammacin ƙasar. Da ayarin masu ƙaura ya ja baya, sai kuɗin suka yi ta taruwa, aka yi ta shari'a a kansu shekara da shekaru.

Maganin da Goff ya kawo shi ne raba aiki gida biyu. Banki ya riƙe kuɗin ya juya su, wani kwamiti na mutum biyar kuma ya yanke inda ribar za ta tafi. Banki ke naɗa biyu daga cikinsu, magajin gari da alƙalai biyu su naɗa sauran ukun. Daga nan aka sami nau'in asusu na farko, wato asusun da ba sharaɗi a kansa. Mai kyauta ya miƙa dukiyarsa ya bar wa kwamitin kowane zamani ya duba abin da ya fi damun gari. Ba a daɗe ba tsarin ya bazu. Kanada ta sami tata a Winnipeg a 1921, lokacin da wani mai banki, William Alloway, ya ba da dala 100,000. Kyauta ta biyu da ta shigo wa wannan gidauniya, a 1924, tsabar zinariya ce guda uku, jimlarsu dala 15, a cikin ambulan, daga wanda bai bayyana sunansa ba. Har yau gidauniyar na ambaton wannan kyauta don nuna cewa ƙofar a buɗe take ga mai ɗan abin hannu.

Ba kowa ne ke son sakin dukiyarsa haka kawai ba, don haka aka samar da wasu nau'o'i. Akwai asusun fanni, inda mai kyauta zai ambaci abin da ke ransa, kamar lafiyar yara, kula da tsofaffi ko kare muhalli, gidauniya ta zaɓi ƙungiyoyin da za a ba. Akwai asusun da aka keɓe wa wata hukuma da sunanta, kamar asibiti, makaranta ko ɗakin karatu, ana tura mata rabonta kowace shekara. Akwai asusun tallafin karatu, wanda iyalai kan buɗe don tunawa da wani nasu da ya rasu, su gindaya sharuɗɗan wanda zai amfana. Akwai kuma asusun da ƙungiyar agaji ke buɗe wa kanta, ta ajiye jarinta a gidauniya don a juya mata. A asusun dindindin, galibi kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na dukiyar ake rabawa a shekara, don kada uwar kuɗi ta zaizaye.

Abin da ya hana waɗannan asusai komawa gidan jiya shi ne ikon sauya manufa. Duk mai buɗe asusu yana amincewa a rubuce cewa idan sharaɗinsa ya zama ba ya cikuwa ko ba a buƙatarsa, amintattu na iya karkatar da kuɗin zuwa abin da ya fi kusa da niyyarsa. Amma wannan iko yana da iyaka, kamar yadda shari'ar asusun Buck ta nuna. Beryl Buck ta rasu a 1975 ta bar wa gidauniyar San Francisco hannun jarin wani kamfanin mai, da sharaɗin a kashe shi a gundumar Marin kaɗai, wadda ke cikin gundumomi masu arziki na Amurka. Da kamfanin Shell ya sayi kamfanin a 1979, dukiyar ta ninka har ta kai ɗaruruwan miliyoyin dala. Gidauniyar ta nemi kotu ta ba ta dama ta kai tallafi gundumomin makwabta, inda talauci ya fi yawa. A 1986 kotu ta ƙi, aka ɗauke asusun daga hannunta, aka kafa sabuwar gidauniya a Marin. Hukuncin ya tabbatar da cewa ganin wani wuri ya fi cancanta bai isa hujjar warware sharaɗin mamaci ba, matuƙar sharaɗin na iya cikuwa.

Nau'in da ya fi bunƙasa shi ne asusun da mai kyauta ke ba da shawara a kansa yana raye. Gidauniyar al'umma ta birnin New York, wadda aka kafa a 1924, ita ta buɗe irinsa na farko a 1931. A nan dukiyar ta zama mallakar gidauniya, amma mai kyauta, wani lokaci har da 'ya'yansa bayansa, shi ke nuna ƙungiyoyin da yake so a ba. Dokar harajin Amurka ta 1969 ta tsaurara wa gidauniyoyin iyalai, ta bar na al'umma da sassauci, sai attajirai da dama suka ga wannan asusu ya fi musu sauƙi. A 1991 kamfanin hada-hadar kuɗi na Fidelity ya fara buɗe irinsa, wasu kamfanoni suka bi sahu, gasa ta yi zafi. Sai a 2006 doka ta fayyace ma'anarsa, ta hana mai kyauta da iyalansa cin moriyar asusun, ta kuma hana su mamaye kwamitin zaɓen ɗaliban da za a ba tallafi. Muhawarar da ta rage ita ce ta jinkiri: mai kyauta na samun rangwamen haraji tun shekarar da ya zuba kuɗi, alhali doka ba ta ƙayyade masa lokacin raba su ba.

A yau Amurka na da irin waɗannan gidauniyoyi fiye da 700. Tsarin ya isa Birtaniya a shekarun 1970, ya isa Jamus a 1996 ta garin Gütersloh, Kenya kuma ta kafa tata a 1997. Mafi yawansu suna riƙe da dukkan nau'o'in nan a lokaci guda, suna kuma ci gaba da neman asusun da ba sharaɗi a kansa, domin shi ne ke ba su damar kai ɗauki nan take idan annoba, ambaliya ko rufewar masana'anta ta afka wa gari.