Asalin Da'irar Tsafi a Addinin Wika

Abin da wannan takarda ta sa a gaba shi ne bin diddigin al'ada guda ɗaya daga cikin al'adun addinin Wika, watau zana da'ira kafin a fara tsafi. Wika addini ne da ya fito fili a Ingila a tsakiyar ƙarni na 20, mabiyansa kuwa suna bautar gumaka biyu, mace da namiji. Sun laƙaba wa kansu sunan nan na Turanci da aka saba fassarawa da mayu, amma mun guje wa wannan fassara da gangan. Maye a wajen Bahaushe shi ne mai kama kurwar mutum, kuma ba ya yarda a san shi, alhali waɗannan mutane su suka zaɓi sunan, suna kuma alfahari da shi. Saboda haka tsafi za mu riƙa cewa.

Bari mu fara da yadda ake aikin a tsarin Gerald Gardner, mutumin da ya bayyana wa duniya addinin. Akan share wuri, a auna da'ira mai faɗin ƙafa 9. Shugabar ƙungiya, wadda mace ce, takan ɗauki takobi ko wata wuƙa mai baƙar ƙota da suke kira atame, ta zagaya tana nuna ƙasa da tsininta, tana bin yadda hannun agogo ke juyawa. Sai a yayyafa ruwa da gishiri, a zagaya da turaren wuta. Daga nan a fuskanci gabas, da kudu, da yamma, da arewa, ɗaya bayan ɗaya, a kirawo masu tsaron kowace kusurwa. Wanda larura ta kama shi ya fita, sai an yanke masa ƙofa da wuƙar, a kuma rufe ta bayan ya wuce. In an gama, a sallami masu tsaron.

Gardner, wanda aka haifa a 1884 ya mutu a 1964, ya yi aikin kwastan a ƙasar Malaya, ya yi ritaya a 1936. Ya ce a 1939 wata tsohuwar ƙungiya ta shigar da shi cikinta a yankin New Forest da ke kudancin Ingila, kuma abin da ya koya gado ne tun kafin zuwan Kiristanci. Bayan an soke dokar hana maita a 1951, ya buga littafinsa Witchcraft Today a 1954. Wadda ta rubuta masa gabatarwa ita ce Margaret Murray, wadda tun a 1921 ta yi iƙirarin cewa waɗanda aka kashe a Turai da zargin maita mabiyan wani daɗaɗɗen addini ne. Norman Cohn ya rushe wannan ra'ayi a 1975, ya nuna yadda ta riƙa tsintar abin da ya yi mata daɗi daga takardun shari'a tana barin sauran.

To, in ba gado ba ce, daga ina da'irar ta fito? Sawunta a bayyane yake cikin littattafan sihiri na masu ilimin Turai. Babba daga cikinsu shi ne Mabuɗin Sulaimanu, wanda aka jingina wa Annabi Sulaimanu ba tare da wata hujja ba, domin kuwa rubutun ƙarshen tsakiyar zamani ne. MacGregor Mathers ya fassara shi zuwa Turanci a 1889. A cikinsa akwai wuƙa mai baƙar ƙota, akwai tsarkake ruwa da gishiri, akwai igiya mai tsawon ƙafa 9 ta auna da'ira. Gardner ya san littafin sarai, don ya ɗebi abubuwa da yawa daga cikinsa ya zuba a ƙagaggen labarin da ya buga a 1949. Kiran masu tsaron kusurwoyi kuwa ya biyo ta hannun ƙungiyar asiri ta Golden Dawn, wadda aka kafa a Landan a 1888, ita ma ta samo shi daga rubuce-rubucen John Dee, masanin taurari na zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. Daga can ne aka haɗa gabas da iska, kudu da wuta, yamma da ruwa, arewa da ƙasa. Israel Regardie ya buga asirin ƙungiyar tsakanin 1937 da 1940, daidai lokacin da Gardner ke cewa an shigar da shi. Ronald Hutton ya bi wannan sawu filla-filla a littafinsa na 1999.

Amma a ganinmu wanda ya tsaya a kan cewa aro aka yi, ya bar muhimmin abu a baya. Matsafin tsohon littafi yana zana da'ira ne don tsoro. Ita ce ganuwarsa: shi yana ciki, an kewaye shi da sunayen Ubangiji na Ibrananci, aljanin da ya kirawo kuwa yana waje, a wasu littattafan ma cikin wani zane mai kusurwa uku aka tsare shi. Taka layin halaka ne. Gardner ya ɗauki wannan ganuwa ya juya mata fuska. Ya ce ƙarfin tsafi daga jikin mutane yake fita in suna rawa da waƙa, aikin da'ira kuwa shi ne ta riƙe ƙarfin kada ya watse kafin a aika da shi. Wannan ne ma dalilin da ya bayar na yin tsafi tsirara, wai tufafi suna tare ƙarfin. Gumakan ba a waje ake tsare su ba, cikin da'irar ake gayyato su, har a ce gunkiyar ta sauka a jikin shugabar. Kayan aiki na matsafin da ne, manufa kuwa sabuwa ce. Ba a yar da batun kariya gaba ɗaya ba, don har ila yau ana roƙon masu tsaro su tsare wurin, sai dai ya koma baya. Doreen Valiente, wadda ta shiga a 1953, ta sake rubuta sassa da dama na littafin ibadar ƙungiyar, ta rage kalaman da aka aro daga Aleister Crowley.

Akwai kuma wani dalili na zahiri da bai kamata a raina ba. Addinin da ba shi da ɗakin ibada, mabiyansa kuma 'yan kaɗan ne masu gudun idon jama'a, yana bukatar wurin da za a gina cikin mintoci, a rushe ba tare da ya bar alama ba. Falon gida ya isa, in an ture kujeru gefe.

Wannan sauƙi ne ya sa da'irar ta yi nisan tafiya. Raymond Buckland ya kai tsarin Gardner Amurka a farkon shekarun 1960. A 1988 Scott Cunningham ya buga littafi don mai tsafi shi kaɗai, ba ƙungiya ba shugaba, sai faɗin ƙafa 9 ya zama abin zaɓi. Da addinin ya isa Ostireliya kuwa sai wata matsala ta taso. Hujjar bin hannun agogo ita ce bin tafiyar rana, ga shi a can rana ta arewa take ratsawa. Saboda haka da yawa daga cikinsu suka juya zagayen, suka kuma mayar da wuta arewa, ƙasa kudu, yayin da wasu suka tsaya a kan yadda aka koya musu daga Ingila.