Takardar da ta sauya rufin ɗakunan Adar

A ƙauyukan Adar, daga Tawa zuwa Keita, bangon laka mai kauri da rufin azara ke tsare ɗaki daga zafin bazara da sanyin hunturu. Magini bai san takardar izinin gini ba. Takardar da ta dame shi ita ce ta saran itace. Dokar Faransawa ta 1935 ta hana sare giginya, uwar azara, sai da izini, dokar Nijar ta 1974 kuma ta bi sawunta. Fari ya cinye itatuwa, kwano ya hau ɗakuna, zafi ya shigo. A 1980, a Cikal, ƙasar Filinge, aka fara koya wa magina kifa rufin tubali ba itace, laka ta koma bakin aikinta.