Sabon Garin Kano: Tarihin unguwar, gidajen abincinta, mashayarta da shagunanta

Sabon Gari unguwa ce a Ƙaramar Hukumar Fagge, a wajen ganuwar birnin Kano, kan hanyar da ta nufi Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano. Sunanta dai "sabo", amma ta haura shekara ɗari da kafuwa. Da yawa daga cikin Kanawa ba su san ta ba sai ta bakin kasuwa: a shiga, a sayi kaya, a fito. Wasu kuma da an ambaci sunanta sai giya ta faɗo musu a rai. Alhali kuwa unguwar ta fi haka. Ita ce matattarar Ibo da Yarbawa da sauran ƙabilun kudu mafi girma a Kano, kuma tana daga cikin wuraren da kuɗi suka fi juyawa a jihar.

Yadda aka kafa ta

Tarihin Sabon Gari ba ya rabuwa da na jirgin ƙasa. Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo kuma ya iso a 1911. Tare da jirgin aka samu kwararowar ma'aikata: akawuna, direbobi, makanikai, kafintoci da 'yan kasuwa, daga kudancin Najeriya har ma da ƙasashen da a yau ake kira Ghana da Saliyo. Cinikin gyaɗa da ya bunƙasa daga 1912 ya ƙara jawo wasu. Turawan mulki ba su so waɗannan baƙi su zauna cikin birni a ƙarƙashin alƙalan Sarki ba, ba su kuma so su matso kusa da unguwarsu ta Nasarawa ba. Saboda haka a 1913 aka yanka musu fili daban, aka tsaga tituna a miƙe, aka raba fulotai.

Shekaru da dama unguwar tana hannun jami'in Bature kai tsaye, sai a 1940 aka mayar da ita ƙarƙashin En'e ta Kano. Wannan rabuwa ta tun farko ita ce asalin bambancin da ake gani har gobe. Abin da hukuma ba ta yarda a yi cikin birni ba, kamar coci, makarantar mishan, otal da mashaya, a Sabon Gari aka ba shi wuri. A nan ne ma aka buɗe Rex a 1937, gidan silima na farko da aka gina a Kano.

Sunayen titunan unguwar kansu tarihi ne. Akwai titin Aba, Enugu, Abeokuta, Warri, Ibo da Yoruba, waɗanda ke nuna inda mazauna suka fito. Akwai Gold Coast da Freetown, masu tuna baƙin Afirka ta Yamma na farko. Akwai kuma France Road da New Road, waɗanda suka zama manyan hanyoyin hada-hada. Da yake titunan a miƙe suke, suna ratsa juna, baƙo ba ya saurin ɓata: in ka wuce kwana ɗaya, ta gaba za ta maido ka.

Gidajen abinci

Wanda ke son sanin abincin kudancin Najeriya ba tare da ya hau mota ba, Sabon Gari ta ishe shi. Gidajen abincinta iri uku ne. Akwai buka, wato ƙaramar rumfa ko ɗaki mai benci, inda mai abinci ke zubawa daga tukunya a gaban idonka. Akwai matsakaitan gidaje masu tebur da fanka da talabijin. Sannan akwai ɗakunan cin abinci na otal-otal, inda farashi ya fi tsada.

A gidajen Ibo, tuwon da aka fi ci shi ne sakwara, teba da akpu, wanda ake yi da rogon da aka jiƙa ya yi tsami. Miyar da Bahaushe ya fi sani ita ce agushi, amma akwai saura. Ogbono miya ce mai yauƙi kamar kuɓewa, da ƙwallon wani ɗan itace ake yin ta. Onugbu miyar shuwaka ce, wadda ake wanke ganyenta har ɗacin ya ragu. Oha ganye ne mai laushi da ake kaɗa miyarsa da gwaza. Nsala kuwa ba a sa mata manja, shi ya sa ake ce mata farar miya. Da safe ana samun okpa, wanda kamanninsa ke kusa da alala amma da garin gurjiya ake yin sa, da kuma abacha, wato yankakken rogo da ake kwaɗawa da manja da kifi.

A gidajen Yarbawa, amala ce sarauniya. Da garin busasshiyar doya ake tuƙa ta, shi ya sa take da duhu. Ana cin ta da ewedu, wanda ba wani abu ba ne illa lalo, da gbegiri, wato miyar wake, a ɗora jar miya mai yaji, a sa ganda ko kayan ciki. Mutanen Kalaba da Akwa Ibom kuma sun yi suna da afang da edikang ikong, miyar ganye mai kauri da ake cika wa nama da kifi.

Da yamma ta yi, sai a koma kan farfesu. Wanda ya fi tashe shi ne na tarwaɗa: kifin yana da rai a cikin baho, kai za ka nuna wanda kake so, a yanka maka, a dafa. Akwai isi-ewu, farfesun kan akuya mai kauri, da nkwobi, na ƙafar saniya, waɗanda ake kawowa a akushin katako.

Abin lura shi ne, wannan girki na kudu da kayan arewa ake yin rabinsa. Naman sa da na akuya daga hannun mahautan Kano yake fitowa. Tumatir, attaruhu, albasa da wake daga gonakin arewa suke. Abin da ake kawowa daga kudu shi ne manja, garin rogo, ganyen ugu, busasshen jatan lande da okporoko, sandararren kifin nan da ake shigo da shi daga ƙasar Norway. Haka kuma a bakin kusan kowane titi za ka tarar da mai tsire, mai balangu, mai gurasa da mai shayi, akasarinsu Hausawa, cinikinsu kuma da mazauna unguwar ne. Ciki, kamar yadda aka sani, bai san ƙabila ba.

Ga Musulmi mai son ɗanɗanawa, ƙa'ida ɗaya ce: tambaya. Akwai gidajen abinci na Musulmi, musamman na Yarbawa. Akwai kuma wuraren da ake sayar da naman alade ko naman daji, wasu har da na kare. Masu abincin sun saba da wannan tambaya, ba sa ɗaukar ta da zafi. Matambayi, in ji Hausawa, ba ya ɓata.

Mashaya da matsayin doka

Zancen mashaya shi ne ya fi jawo wa Sabon Gari magana, kuma tushensa tun zamanin Turawa ne. Dokokin mulkin mallaka sun hana sayar wa 'yan asalin arewa barasar da ake shigo da ita daga Turai, amma sun bar ƙofa ga Turawa da baƙi a wuraren da aka ba lasisi. Sabon Gari na cikin waɗannan wurare. Da haka otal da mashaya suka taru a unguwa guda, makaɗan kudu suka riƙa zuwa wasa, daren unguwar ya bambanta da na birni.

Lamarin ya sake salo a 2000, lokacin da Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci. A 2003 aka kafa Hukumar Hisba da doka, a 2004 kuma aka yi dokar da ta haramta sayar da giya da shan ta a jihar. Tun daga nan Hisba ke kama motocin da ke ɗauko giya, tana kuma farfasa kwalabe a bainar jama'a: kimanin 240,000 a Nuwamban 2013, da kusan miliyan biyu a Nuwamban 2020. Duk da haka, mashayun Sabon Gari ba su rufe ba. Abin da ake gani a zahiri shi ne wani irin zama na kowa ya san iyakarsa: doka na nan a rubuce, kame ya fi yawa a kan hanyar shigowa, cikin unguwa kuma ana ci gaba da harka.

Wannan ya sa muhawara ba ta ƙarewa. Masu goyon bayan hanin suna cewa doka ta jiha ce baki ɗaya, babu unguwar da aka ware, kuma matasan Musulmi ma suna laɓaɓawa can. Masu sana'ar kuma suna cewa tsarin mulkin ƙasa bai hana wanda ba Musulmi ba ciniki, suna kuma nuni da cewa harajin kayayyaki na VAT da ake karɓa kan giya yana shiga asusun tarayya, daga nan a raba wa kowace jiha. Duk inda mutum ya tsaya, ya kamata ya san cewa dokar 2004 ba a soke ta ba.

Ya kamata kuma a rarrabe: ba kowane wurin zaman dare ba ne mashaya. Akwai gidajen kallon ƙwallo, wuraren gasa kifi, da ɗakunan taro inda ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya ke haɗuwa ranar Lahadi don adashi da tattauna al'amuransu.

Kasuwa da shaguna

Zuciyar cinikin unguwar ita ce Kasuwar Sabon Gari, wadda sunanta na hukuma shi ne Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, sunan gwamnan da ya mulki jihar daga 1979 zuwa 1983. Tana cikin manyan kasuwannin Kano, tare da Kurmi, Kantin Kwari, Singa da Dawanau. Kowacce da abin da ta yi fice a kai: Kwari yadi da atamfa, Singa kayan masarufi, Dawanau hatsi. Ta Sabon Gari kuwa tarin-tsiya ce ta alheri: takalma, jakunkuna, kayan kicin, robobi, kayan kwalliya, kayan lantarki, littattafan makaranta da gwanjo. A gefenta akwai 'Yankura, inda ake samun kayan miya da na abinci, ciki har da waɗanda ake kawowa daga kudu. A nan Bahaushe da Ibo da Bayarabe suke shago a jikin shago, kuma Hausa ce harshen ciniki.

Kasuwar ta sha jarrabawa. A Maris na 2016 gobara ta tashi cikin dare ta cinye shaguna dubbai. A Fabrairun 2024 kuma, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya, hukumar NAFDAC da hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa sun rufe shagunan magani fiye da dubu a yankin, aka umarci dillalan su koma sabuwar cibiyar da aka gina a Dangwauro, kan hanyar Zariya. Wanda ya saba sarin magani a Sabon Gari ya kamata ya san da wannan sauyi.

A wajen kasuwa, titunan unguwar ma cike suke da shaguna. France Road da kewayenta sun yi suna da kayan gini, kayan famfo da na wutar lantarki. A New Road ne tashar manyan motocin safa take, masu zuwa Onica, Aba, Fatakwal da Legas, don haka yankin ba ya rabo da masu aika kaya da masu karɓa.

Yawancin shagunan Ibo a kan tsarin koyon sana'a suke tafiya. Maigida kan ɗauko yaro daga ƙauyensu, ya ci da shi, ya tufatar da shi, yaron ya yi shekaru yana tsaron shago yana koyon ciniki. In wa'adi ya cika, sai a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Shi ya sa za ka ga layi guda duk kaya iri ɗaya ake sayarwa, masu shagunan kuma 'yan gari ɗaya ne. Ga mai saye, wannan riba ce: ka taya a shago uku ko huɗu kafin ka biya, ka karɓi rasit, kayan lantarki kuma a gwada maka su a wurin.

Lokacin zuwa ma yana da muhimmanci. Ranar Lahadi yawancin shagunan cikin unguwa a rufe suke saboda coci, titunan kuma sukan cushe da masu ibada da safe. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu unguwar kan yi shiru, domin dubban mazaunanta sun tafi gida Kirsimeti. Kafin tafiyar kuwa, tashar New Road ba masaka tsinke.

Tabon da unguwar ke ɗauke da shi

Ba a gama zancen Sabon Gari ba tare da an ambaci ranakun baƙin cikinta ba. A Mayun 1953 rikicin siyasa kan batun neman mulkin kai ya koma faɗa tsakanin mazauna Sabon Gari da maƙwabtansu, aka rasa rayuka. A 1966 kashe-kashen da suka gabaci yaƙin basasa sun sa Ibo suka bar Kano, sai bayan ƙarshen yaƙin a 1970 suka fara dawowa. A Oktoban 1991 an sake yin tarzoma kan zuwan mai wa'azin Kirista ɗan ƙasar Jamus, Reinhard Bonnke. A ranar 18 ga Maris, 2013 kuma, bam ya tashi a tashar New Road ya hallaka mutane da dama.

Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, an share toka, an sake buɗe shaguna. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai shagon kayan famfo yana buƙatar ɗan kwangilar da ke cikin birni, mai buka tana buƙatar mahauci, mai tsire yana buƙatar masu fitowa da yamma. A yau akwai iyalai a Sabon Gari da kakanninsu a nan aka haife su, 'ya'yansu suna jin Hausa kamar jakin Kano, ba su kuma san wani gida da ya wuce wannan ba. Zama da maɗaukin kanwa, aka ce, shi ke kawo farin kai. Shekara ɗari na ciniki da maƙwabtaka sun bar alama a ɓangarorin biyu. Wanda ya shiga unguwar da rana, ya ci amala ko sakwara, ya taya kaya a layin 'yan lantarki, zai ga wannan da idonsa.